Banɗakin Jirgin Ruwa Mai Lantarki Yana Dawo da Ruwa: Daga Ina Za Ka Fara Bincike?

Mu nan Katsina ba mu da teku, kuma kwale-kwalen da masunta ke turawa a dam ɗin Zobe, ko Jibiya, ko Sabke can wajen Daura, ba ruwansu da banɗaki. Amma yaranmu masu aikin famfo da wayarin sun bazu. Suna Legas, suna Fatakwal, wasu neman halali ya kai su Jidda da Dubai. Da yawansu an taɓa miƙa masu sifana a cikin jirgin shaƙatawa ko jirgin jigilar ma'aikata, aka ce masu ga masai nan yana dawo da ruwa, a duba. Saboda su na zauna na yi wannan rubutu, da kuma duk mai kula da irin wannan masai a babbar motar tafiye-tafiye, domin aikin kusan iri ɗaya ne.

Abin da nake so ka fara riƙewa, ɗan'uwa, shi ne moto ba shi ke tare ruwa ba. Aikinsa ya niƙa ya tura. Da zarar ka ɗauke yatsa daga maɓalli ya tsaya, kuma abin da ke hana ƙazanta komowa daga nan wata 'yar roba ce da ba ta cika tafin hannu ba, sai yadda aka shimfiɗa tiyo, sai iskar da ke shiga tana fita a inda aka tanadar mata. Wanda ya fara da kwance moto ya fara da abin da ya fi tsada, ya fi wahalar mayarwa, kuma ba kasafai laifin yake nasa ba.

Hanyar da ruwa ke bi

Masai mai lantarki na jirgi, irin na Jabsco ko Raritan ko Tecma, yana aiki da batir mai bolt 12 ko 24. Hanyoyin ruwansa biyu ne. Ta farko ita ke kawo ruwan kora cikin kwano, ko dai daga teku ta wani bawul da ke jikin jirgi a ƙasan ruwa, ko daga tankin ruwan daɗi ta wani bawul mai lantarki. Tiyonta siriri ne, yawanci milimita 19. Ta biyu ita ke fitar da ƙazanta: daga kwano zuwa wuƙar niƙa, zuwa gwiwar fita inda robar nan mai bakin agwagwa take, wadda masu jirgi ke kira joka bawul, sannan tiyo mai kaurin milimita 25 ko 38 ya ɗauka zuwa tankin ƙazanta. A wasu jiragen akwai bawul mai raba hanya biyu, ɗaya tanki, ɗaya waje.

Ruwan da ka tarar ya cika kwano daga ɗaya cikin hanyoyin nan biyu ya zo, kuma aikinka na farko shi ne ka san wacce.

Kafin ka taɓa komai

Kashe wutar masan daga allon makunni, ko ka zare fis ɗinsa. Wuƙar niƙa ba ta san yatsa ba, kuma ana iya samun wanda zai danna maɓalli kana tsaka da aiki. Ka sa safar hannu ta roba, ka tanadi bokiti, tsummoki da leda. Buɗe ƙofa da taga, domin iskar da ke taruwa a tankin ƙazanta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai guba ce idan ta yi yawa a ƙuntataccen wuri. Sannan ka nemo bawulolin jikin jirgi guda biyu, na shiga da na fita, ka tabbatar hannunsu yana juyawa. Idan ɗaya ya ƙame ya ƙi rufuwa, kada ka cire tiyon da ke ƙasan layin ruwa, wato iyakar inda ruwa ya kai a jikin jirgi daga waje, ko da wasa. Wannan aikin sai an fitar da jirgi tudu.

Mataki na ɗaya: duba launin ruwan

Kora masan har kwano ya tsotse. Ɗiga ɗan kalar abinci a cikin lita ɗaya ta ruwa, ko shuɗin wanki ma ya isa, ka zuba, ka kora shi ya wuce. Yi alama da maka a inda sauran ruwa ya tsaya, ka tafi ka ba shi kamar awa ɗaya.

Idan ka dawo ka tarar da ruwa mai kala ko mai dauɗa da wari, daga hanyar fita yake komowa. Idan ruwan garau ne, kuma bai daina ƙaruwa ba, daga hanyar shiga yake. Ka lura kuma da halinsa. Ruwan da ya hau ɗan taƙi ya tsaya cak, abin da ke cikin tiyo ne ya gangaro, ya ƙare. Wanda ke ta hawa ba tsayawa yana da rumbu a bayansa, ko tanki ko teku, kuma shi ne abin tsoro. Masan da ke ƙasan layin ruwa yana iya nutsar da jirgi sukutum a daren da ba kowa a ciki.

Mataki na biyu: idan ruwan garau ne

Rufe bawul ɗin shiga na jikin jirgi. In ruwa ya daina ƙaruwa, teku ce ke shigowa da kanta. Ka san yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo: ja ɗaya za ka yi da baki, sauran ya yi ta zuba muddin bakin tiyon yana ƙasa da fetur ɗin. Haka ruwan teku ke yi wa masan da aka girka ƙasa da layin ruwa. Maganinsa gwiwar iska ce, wato a ɗaga tiyo sama ya yi baka, a ƙoƙon bakan a sa ɗan bawul da ke barin iska ta shiga ta katse zuƙar. Ana so ƙoƙon ya ɗara layin ruwa da aƙalla santimita 20, kuma a auna shi da jirgi ɗauke da kaya da mutane, a kuma yi lissafin karkatar da yake yi in yana tafiya. Jirgin da aka ƙara wa janareta da tankunan ruwa yakan ƙara nutsewa, sai gwiwar da a da ta isa ta koma ba ta isa ba.

In gwiwar tana nan kuma tsayinta daidai, kwance hular da ke samanta. Za ka ga 'yar roba ƙarama. Gishiri yakan daskare a kanta ya liƙe ta, a yankinmu kuwa ƙurar hunturu ce ke yin wannan ɓarnar. Wanke ta da ruwan ɗumi, ka hura ta wajen da iska ke shiga: ya kamata iska ta wuce ciki, ta ƙi fitowa waje. In ta tsage ko ta bushe, canja ta. Wani kuskure da masu girkawa kan yi shi ne sa gwiwar tsakanin bawul ɗin jikin jirgi da famfon da ke jawo ruwan teku zuwa kwano. A nan famfon iska zai yi ta zuƙa, ruwa ya ƙi zuwa, sai wani mai dabara ya zo ya toshe ramin iskar da gam don masai ya yi aiki, ya kashe kariyar gaba ɗaya. Mazauninta tsakanin famfo da kwano ne, sai dai in irin mai buɗewa da rufewa da lantarki ce.

Masan da ke shan ruwan daɗi daga tanki, nasa ya fi sauƙi. Kashe famfon lantarki da ke tura ruwan daɗi a jirgi, ka buɗe famfon wanke hannu ƙarfin ruwan ya sauka. In kwano ya daina cika, bawul mai lantarki ne ba ya rufewa sosai, kuma sau da yawa ƙwayar yashi ce ta maƙale a robarsa. Kwance, wanke, mayar, ka kuma sa matacin ruwa a gabansa.

Mataki na uku: idan ruwan mai dauɗa ne, kada ka yi saurin kwance gwiwa

Fara da abubuwan da ba sa buƙatar sukudireba.

Tankin ƙazanta ya cika? Kada ka yarda da agogonsa, domin ƙazanta takan danne abin da ke yawo a ciki ya yi ta nuna rabi alhali ya kai wuya. Haska tocila a jikinsa in na roba ne, ko ka ƙwanƙwasa ka saurara.

Sai hancin tanki. Kowane tankin ƙazanta yana da siririn tiyo da ke fita gefen jirgi don iska ta samu mafita lokacin da ruwa ke shiga. In ya toshe, duk korar da aka yi matse iska take a ciki, kuma da moto ya tsaya iskar nan sai ta turo ruwa baya. Alamarsa, za ka ji masai yana gurnani, ko kumfa na tasowa bayan an kora, ko tankin roba ya kumbura. Babban mai laifi a nan zanzaro ne. Ramin daidai yake da abin da yake nema, ya kawo laka ya gina ɗakinsa, musamman a jirgin da ya daɗe a ɗaure. Cire tiyon daga jikin tanki, ka zura waya mai laushi a bakin na waje, ka bi da ruwa. In akwai matacin wari mai gawayi a kan hanyar, kuma tanki ya taɓa ambaliya, to ya jiƙe ya mutu, sai sabo. Ina jan kunnenka da abu ɗaya: in kana zargin iska ta matsu a tanki, kada ka kwance murfin zuƙe ƙazanta kana leƙa shi. Sassauta shi a hankali, da tsumma a kai, fuskarka a gefe.

Daga nan duba bawul mai raba hanya. Hannunsa ya kai ƙarshen gefe ɗaya, kada ya tsaya tsakiya. In an juya shi zuwa waje, ka tabbatar bawul ɗin fita na jikin jirgi a buɗe yake, kuma ƙananan halittun nan masu ƙwanso da ke manne wa gindin jirgi a ruwan gishiri ba su cushe bakinsa ba. Hanyar fita zuwa waje ita ma tana buƙatar tata gwiwar iskar in masai yana ƙasan ruwa.

Akwai kuma lissafin da mutane da yawa ba sa yi. Tiyo mai milimita 38 yana cin ruwa lita ɗaya da ɗan ɗori a kowace mita, mai milimita 25 kuwa kusan rabin lita. Ke nan in daga masai zuwa tanki mita 3 ne na babban tiyo, sama da lita 3 ke kwance a ciki. Mutumin da ya danna maɓalli daƙiƙa biyu, ya ga kwano ya yi fes ya saki, bai kai ƙazantarsa tanki ba, ya dai ɓoye ta a tiyo, nauyinta yana kan roba dare da rana. Mu da muka taso da tattalin ruwa mun fi kowa wannan ɗabi'a, kuma a jirgi ma akwai hujja, tunda ba a son tanki ya cika da wuri. Duk da haka, ko da sau ɗaya a yini, musamman da dare kafin a kwanta, a kora da ruwa mai yawan da zai share tiyon tun daga farko har ƙarshe. Wani lokaci wannan kaɗai ke kashe maganar.

Mataki na huɗu: joka bawul

In duk waɗancan lafiya suke, yanzu ka isa inda mafi yawan matsalar take.

Kora ruwa mai tsabta da yawa tukuna, don abin da zai zubo maka ya zama ruwa. Kashe wuta, rufe bawulolin jikin jirgi, shimfiɗa tsumma, ajiye ƙaramin mazubi a ƙasan gwiwar fita. Sukurori biyu ko uku ne ke riƙe da gwiwar a jikin famfo. Sassauta su kaɗan-kaɗan, ka bar ruwan tiyo ya tsiyaye kafin ka zare. Robar tana nan zaune tsakanin gwiwa da famfo, faffaɗan gindinta shi ne kuma gaskit ɗin haɗin.

Wanke ta, ka ɗaga ta saitin haske. Lafiyayya leɓɓanta a haɗe suke, ba ka ganin haske ta tsakiya, kuma in ka matsa ta buɗe ka saki sai ta koma da kanta. Wadda ta mutu za ka ga bakinta a hangame, ko ta yi tauri, ko farin dutse ya kama leɓɓan, ko kuma ta juye ciki ta koma baibai saboda an yi ta tura ruwa a kan rufaffen bawul. Wani lokacin robar ba ta da laifi, wani abu ne ya gitta a bakinta: gashi, zaren tsumma, tsinken sakace, guntun ledar fiya-wata. Tsinke guda ya isa ya hana ta rufuwa.

Shawarata, tunda ka riga ka sha warin, sa sabuwa ko da tsohuwar tana da sauran kyan gani. Masu jirgi da suka san ciwon kansu sukan canja ta duk shekara, kuma a ƙasar zafi irin tamu roba ba ta kai wa inda take kai wa a Turai. Bakin agwagwar ya kalli inda ƙazanta za ta tafi, wato ya ba masai baya. In ka juya ta, moto zai yi ta kuka ba abin da ke fita. Wajen ɗaure sukurori ka bi su bi-da-bi, kowane juyi ɗaya, har ɗigo ya tsaya, ka tsaya nan. Ɗauri mai tsanani yana murɗe gindin robar ya buɗe bakinta, sai ka ga sabuwa fil tana yoyo ka ce jabu aka sayar maka. In za ka shafa mata wani abu, man silikon kawai. Basilin, baƙin mai da giris na mota duk suna kumbura roba su lalata ta.

Kowane kamfani da irin tasa, kuma ba lallai ka same ta a shagon kayan famfo na nan gida ba. Ɗauki hoton lambar masan da ke jikin moto ka aika wa mai sayar da kayan jirgi, ka sayi biyu. Ta ajiya ka sa ta a leda, a inuwa, ba cikin akwatin kayan aiki da ke wuni a rana ba.

Mataki na biyar: sabuwar roba, amma ruwa bai daina ba

To tiyon ne. Fitsari in ya haɗu da ruwan gishiri yakan haifar da farin dutse da ke kama cikin tiyo, shekara bayan shekara, har tiyo mai milimita 38 ya koma ramin da yatsa ba ya shiga. Matsa tiyon da hannu. In ka ji shi ƙiƙam, ko yana ƙaras-ƙaras, dutse ne. Ɓarɓashinsa kuma shi ke gangarowa ya maƙale a bakin sabuwar robar.

In bai yi nisa ba, ruwan khal fari yana cin sa. Zuba kamar rabin lita, kora shi kaɗan ya shiga tiyo, bar shi kamar awa ɗaya, ka bi da ruwa mai yawa. Wannan ya fi amfani a matsayin rigakafi, duk wata. In ya riga ya kama sosai, cire tiyon ka kai shi tudu ka bubbuga a kan kankare dutsen ya zube, ko ma ka sayi sabo, wanda shi na fi so in tiyon ya tsufa har wari na ratsa jikinsa. Ka nemi tiyon da aka yi don ƙazanta, mai santsin ciki. Tiyon ban-ruwa na lambu ba zai yi ba.

Na san abin da wasunmu kan yi wa masan gida in ya toshe: a kwarara ruwan batir, ko soda, ko bilic. A masan siminti da tangaran wataƙila ka tsira. A nan roba ce da ƙarfe da leda tun daga kwano har tanki, za ka gyara toshiya ɗaya ka kashe bawul uku. Kuma kada a kuskura a haɗa bilic da khal ko wani ruwa mai tsami, hayaƙin da ke tashi yana kisa, balle a ɗan ɗakin da ko juyawa da ƙyar ake yi.

Tunda tiyo yana hannunka, duba yadda aka shimfiɗa shi. Mafi kyau ya tashi sama kai tsaye daga bayan masai zuwa ƙololuwarsa, sannan ya gangara zuwa saman tanki. Ta haka abin da zai iya komowa ɗan guntun da ke tsaye ne kawai. Wanda ke hawa a hankali tsawon mita uku ko huɗu, ko mai ciki a tsakiya inda ruwa ke kwanciya, zai ci gaba da ba ka aiki komai yawan robar da ka canja. Kowane haɗi da ke ƙasan layin ruwa a sa masa kilif biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Mataki na shida: wuta, sannan moto

Moto mai rauni ba ya dawo da ruwa da kansa, amma yana kasa haurar da shi ƙololuwa, sai ya gangaro. Sa mitar auna wuta a wayoyin bakin moto, wani ya danna maɓalli kana kallo. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna wajen 12.6 in yana hutawa. In a bakin moto ka ga ya faɗi zuwa 10 da ɗoriya alhali a kan batir bai faɗi haka ba, wutar a hanya take ɓacewa: waya siririya, haɗi mai kore, ko maɓalli da ya ƙone. Motocin nan suna jan wuta sosai na ɗan lokaci, kuma wayar da ta isa ƙwan fitila ba ta isar su. Kankare haɗin, duba wayar baƙa kamar yadda ka duba ja, kuma kada ka ƙara girman fis don ya daina yankewa.

In wuta ta isa amma moto yana nishi, sai yanzu za ka kwance shi. Yawanci sukurori huɗu ne. Abin da za ka tarar a naɗe da wuƙa ba ya wuce gashi, audugar mata, ko takardar goge jarirai mai laima, wadda ba ta narkewa ko an rubuta a jikin ledarta cewa tana narkewa. Mu masu tsarki da buta mun huta da rabin wannan matsala, baƙi da yara ne akan manta a gaya wa. Duba kuma fukafukan robar famfon shiga, domin ruwan kogi ko na dam mai laka, irin na damina, yana cinye su da wuri.

Duk wannan bayani na masai mai wuƙar niƙa ne. Mai aiki da zuƙar iska, irin VacuFlush, robobinsa masu bakin agwagwa huɗu ne a jikin famfo, kuma in sun gaji alamar farko ita ce famfon ya riƙa tashi shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi.

Bayan ka mayar da komai, buɗe bawuloli, kunna wuta, ka sake gwajin kala na farko, wannan karon ka bar shi ya kwana. Bi kowane haɗi da busasshiyar takarda ka ga ko za ta jiƙe. Ruwan da kuka tara a bokiti a kai shi masan tudu. Dokar MARPOL ta hana manyan jirage zubar da ɗanyar ƙazanta sai sun yi nisan mil 12 na teku daga gaɓa, a kogi ko dam kuwa babu wannan nisan, kuma ruwan da mutane ke sha ne, kamar yadda Ajiwa ke shayar da birnin Katsina. Kafin ka karɓi kuɗin aikinka, kama hannun yaron jirgi ka nuna masa bawulolin nan biyu na jikin jirgi, ka sa ya rufe ya buɗe a gabanka, ka gaya masa duk ranar da za a bar jirgi ba kowa, a rufe suke kwana.